Ra'ayinmu: Cutar da ba a rubuta ba, ba a yi mata kasafi

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa tsallaka da kaya ta Ɗan Isa ko Birnin Ƙwanni ya san cewa a duwan kowace haja da lambarta, kuma lambar ce ke yanke kuɗin da za a biya. Idan aka rubuta ta ba daidai ba, mai kaya ne a ciki. To haka abin yake a asibitocin Amurka.

A can, allurar da ake yi a asibiti tana da lamba mai farawa da harafin J, kuma da ita kamfanin inshora ke biya. Mu ɗauki cutar Gaucher, wadda ake gada idan uwa da uba duk suna ɗauke da ita, inda jiki ke kasa narkar da wani irin kitse har saifa da hanta su kumbura, jini ya yi ƙaranci. Maganinta Cerezyme, da aka amince da shi a 1994, lambarsa J1786, kuma kowace ɗaya na nufin awo 10. Yaro mai kilo 20 da ake ba awo 60 a kan kowane kilo zai sha awo 1,200 duk mako biyu, wato a rubuta lambar sau 120. Akawu ya manta sifiri ɗaya, lissafi ya watse, a maganin da kan ci dala dubu 200 ko fiye a shekara ga babba.

Me ya shafe mu? Auren zumunci, wanda ya yawaita a cikinmu, yana ƙara yiwuwar irin waɗannan cututtuka. Kuma yaro mai kumburin saifa da ƙarancin jini, abu ne mai sauƙi a ce masassarar cizon sauro ce ko sikila, a sallame shi. Cutar da ba ta shiga rajista da sunanta ba, ba wanda zai ware mata ko dala.

Don haka muna kira ga ma'aikatar kiwon lafiya ta tilasta wa asibitoci rubuta cututtuka da lambobin Hukumar Lafiya ta Duniya, waɗanda sabon kundinsu ya fara aiki a 2022. Ku kuma 'yan kasuwa masu kai iyali jinya ƙetare, kada ku biya kuɗi a dunƙule. Ku nemi rasit mai sunan cuta, sunan magani, yawansa da farashinsa, kamar yadda ba ku barin duwan sai da takarda a hannu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.