Mu Ma Muna Da Rabo A Inuwar Agodi

Yau ina so mu tattauna wata magana da na san wasu dattawanmu za su ce shirmen yara ce, wato maganar ɗaukar wuni guda a rufe shago a je a sha iska.

Tun shekarar 1916 aka kafa unguwar Sabo a nan Ibadan, ko Badun kamar yadda iyayenmu ke cewa. Fataucin goro da shanu ne ya zaunar da kakanninmu, har wani Bature mai suna Abner Cohen ya rubuta littafi sukutum a kanmu a 1969. To jama'a, sama da shekara ɗari ke nan muna garin nan, amma a tambayi yawancinmu me muka sani a cikinsa, amsar ba ta wuce uku: kasuwa, masallaci, tasha. Akwai wanda aka haifa a Sabo, ya yi aure a Sabo, ya aurar da 'ya'ya a Sabo, amma bai taɓa sa ƙafa a lambun Agodi ba, alhali daga Mokola tafiyar 'yan mintoci ce a keke ko acaɓa.

Ga wanda bai sani ba, lambun yana tsakanin dutsen Mokola da sakatariyar jihar Oyo. An buɗe shi a 1967, ambaliyar kogin Ogunpa ta watan Agustan 1980 ta lalata shi ta tafi da dabbobi da yawa, ya daɗe a yashe, sannan gwamnatin marigayi Abiola Ajimobi ta gyara shi aka sake buɗewa a 2014. A ciki akwai tafki, da manyan itatuwa, da ɗan sashe na namun daji, da filin ciyawa inda iyali za su shimfiɗa tabarma.

Wanda ya san zafin Badun na watan Fabrairu da Maris, lokacin da kwanon ɗaki ke zama kamar tanda kuma ga wutar lantarki sai an ga dama, zai gane abin da nake nufi idan na ce shiga ƙarƙashin waɗannan itatuwa wata rahama ce. Kana tafiya a hankali a gefen ruwa, iska tana taso maka da sanyi, ƙarar motocin Micra ta koma can nesa, sai kukan tsuntsaye. Babu mai ce maka rage mini, babu mai bin ka bashi, babu wanda kake bi. Yara su tsaya gaban birai suna dariya, su ga kunkuru yana jan jiki, kai kuma ka tuna rabonka da ka yi tafiyar awa ɗaya ba don neman kuɗi ba.

Dalilina na farko shi ne yaranmu. Muna ba su tatsuniyar kura da biri da kada da daddare, amma yaron da ya tashi a lungun Sabo dabbar da ya sani ita ce akuya, sai ragon layya, sai ɓeran kwata. Abin mamaki, idan an je gida Kano hutun Sallah, mu ne kan gaba wajen kwasar yara zuwa gidan zu na Audu Bako. To me ya sa abin da ya halatta a Kano ya zama ɓata lokaci a Badun? Ga kuma gidan namun daji na Jami'ar Ibadan, wanda asalinsa tun 1948 ne, shi ma yana nan a buɗe ga kowa.

Na biyu shi ne lafiyar iyayenmu. Dattijo ya zauna a kan benci tun bayan asuba har isha, kullum lissafi, kullum fargabar mota ta taso daga Arewa ko ta kwana a hanya, ga goro ga shayi mai sukari. Likitoci sun daɗe suna faɗa cewa tafiyar ƙafa tana taimakawa wajen hawan jini da ciwon suga, kuma malamanmu sun karantar da mu cewa jiki ma amana ne. Kuɗin da za a kashe a wuni ɗaya na hutu bai kai na kwana ɗaya a gadon asibiti ba.

Na uku kuwa ya fi mini nauyi. Duk mun ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021, an rasa rayuka da dukiya tsakanin mutanen da suka daɗe suna ciniki tare. Ban ce zuwa lambu zai hana rikici ba, amma maƙwabtanmu Yarbawa ba su san mu ba sai a bayan teburin tsire ko buhun tattasai ko wurin canji. Idan ɗanka da ɗan Bayarabe suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna kallon biri ɗaya, uwayensu suka gaisa, an san juna ta wata fuskar da kasuwa ba ta nunawa. Haka kuma a ƙarshen 2023, da aka yi ta ce-ce-ku-ce kan sare itatuwan dajin da ke jikin lambun domin gina rukunin gidaje, yawancinmu ko a jikinmu, kamar ba iska ɗaya muke shaƙa da mutanen gari ba. Wanda bai taɓa zama a inuwa ba, ba zai ji zafin sare bishiyar ba.

Na san abin da za a ce. Wani zai ce kasuwa ba ta jira. Gaskiya ne, amma muna rufe shago don ɗaurin aure da suna da jana'iza, kuma ba mu ga wanda ya karye saboda haka ba. Wani zai ce akwai kiɗa da cakuɗuwar maza da mata, musamman wajen wurin ninkaya. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba na cewa a kai iyali can. Wurin yana da faɗi, a zaɓi gefen tafki da sashen dabbobi, a kauce wa ranakun biki da yammacin Asabar. Safiyar Lahadi ta fi, lokacin mutanen gari suna coci, kasuwa ma ba ta buɗe sosai ba. A tafi da buta da darduma, idan azahar ta yi a samu gefe a yi salla. Wani kuma zai ce kuɗin shiga. To a lissafa abin da matashi ke kashewa a katin waya da gidan kallon ƙwallo a wata guda, sannan a dawo mu yi magana.

Shawarata ga ƙungiyoyin matasanmu da malaman Islamiyya ita ce a riƙa shirya fita ko sau biyu ne a shekara, ɗaya a bazara, ɗaya a dogon hutun makaranta na Agusta lokacin da ruwa kan ɗan tsagaita. A haɗa kuɗin mota, a dafa abinci daga gida, a tafi da manya masu sa ido, kuma a kwashe shara kafin a taso don kada a ce Hausawa sun zo sun ɓata wuri. 'Yan uwanmu na Agege da Idi Araba su ma ga gandun Lekki nan da aka kafa a 1990.

Mu fara da iyayenmu mata, waɗanda wasunsu sai su shekara ba su ga wani sarari ba in ban da tsakar gida. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa albarka a nemanmu, amin.

Wassalam, naku ɗan Sabo.