Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Kano Kan Dagwalon Challawa Da Jakara

Mai Girma Gwamna, Injiniya Abba Kabir Yusuf,

Kukan kogunanmu biyu na kawo gabanka.

Ranka ya daɗe, Kano ta shekara ɗaruruwa tana jima da bagaruwa, fatarta ta tsallaka Sahara ba tare da ta kashe kogi ba. Yau kamfanonin fata na Challawa da Sharaɗa da Bompai da sinadarin kuromiyom suke aiki, kuma da yawansu haka suke sako dagwalonsu ba tacewa. Na Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa Challawa, kogin da Hukumar Ruwa ke ɗiba ta ba mu. Na Bompai yana bin Getsi ya haɗu da Jakara, wadda dama ta kwaso ƙazantar birni da jinin kwata, su zarce madatsar Wasai.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne lambunan da ke gefen Jakara. Da wannan baƙin ruwa ake shayar da latas da kabeji da alayyahu, washegari suna kasuwar Yankaba. Latas kuwa ba a dafa shi, kuma ko an dafa, wuta ba ta kashe ƙarfe mai guba. Taruwa yake a jiki har ya taɓa ƙoda. Ban ga laifin manomin ba, ruwan da ya samu ke nan. Masuntan Wasai ma haka.

An rufe wani sashe na Jakara an shimfiɗa titi a kai. Aiki ne mai kyau, wari ya ragu a cikin gari, amma ruwan da ke ƙasa yana nan yadda yake. Na Challawa kuma ba a Kano yake tsayawa ba: ta Wudil yake wucewa zuwa Haɗeja da Nguru, wurin mutanen da ba su ci ribar fata ko ɗaya ba.

Dokar tace dagwalo tana nan, hukumar kare muhalli ta NESREA ma tana nan tun 2007. Aiwatarwa ce babu. Muna roƙo ka tilasta wa kowane kamfani ya tace ruwansa kafin ya sake shi, wanda ya ƙi a garƙame shi ko na wane ne. A riƙa gwada ruwan, a karanta sakamakon a rediyo da Hausa, manoman gefen Jakara kuma a haƙa musu rijiyoyin burtsatse.

Kai injiniya ne, ka fi mu sanin yadda ake gyarawa. Don Allah ka je Salanta da kanka ka gani.

Wassalam,
Wani mazaunin Kano