Yana Da Hawan Jinin Ido: Likita Ne Ke Rarrabe Su

A ƙasar Kibiya da Rano, idan malami ya ga wasula ta fara haɗe masa a kan allo, ko falke ya kasa karanta lissafinsa da magariba, abin da aka saba shi ne a jira ranar kasuwa a gwada tabarau wurin ɗan koli. In an yi gamon katar, tsufa ne kurum, wanda kan taɓa ganin kusa daga shekara 40, tabarau kuwa ya wadatar. In ba haka ba, an rufe cuta da gilashi ke nan.

Ƙidayar makanta da aka yi a Nijeriya duka daga 2005 zuwa 2007 ta nuna, cikin waɗanda suka kai shekara 40, fiye da mutum 4 cikin 100 makafi ne. Cikin makafin nan, 43 cikin 100 yana ce ta rufe musu ido, wajen 17 kuwa hawan jinin ido ne.

Bambancin biyun nan shi ne tushen magana. Yana hazo ne a cikin ƙwayar ido. Likita kan kashe zafin wurin, ya fid da abin da ya dushe, ya sa na roba a madadinsa, galibi cikin abin da bai kai sa'a guda ba, gani ya komo. Amma hawan jinin ido ruwan cikin ido ne ke matse jijiyar gani. Yakan ci gefe-gefe tukuna, yawanci ba zafi, abin da ya ci kuwa ba ya dawowa. Iyakar magani ya tsai da ɓarna, ko da ɗigo kullum ko da aiki. Mai ɗayan ba ya iya sanin wanne gare shi sai an auna ƙarfin ruwan idon, an haska jijiyar da na'ura.

Har wa yau akwai masu yawo ƙauyuka suna tura yana cikin ido da tsinke. Ƙidayar nan ta sami fiye da ido 7 cikin 10 da aka yi wa haka sun zauna a makance. Malamai sun fi kowa sanin gyaran ido da ilmi ba baƙo ba ne ga Musulmi: kimanin shekara dubu da ta wuce Ammar ɗan Mausil ya ƙago allura mai rami ta zuƙe yana.

Wurin zuwa kuwa bai yi nisa ba. A Kano akwai asibitin ido na Mishan da aka buɗe tun 1943, da asibitin ido na Makka, da sashen ido na Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano. Abin da ke tsai da mutane shi ne kuɗin mota, da na aiki, da ɗan rakiya. Aikin ido na kyauta da akan kawo jifa-jifa yana fid da yana, amma mai hawan jinin ido yana bukatar komawa wurin likita iyakar ransa.

Saboda haka wanda ya haura 40, balle wanda cutar ta taɓa danginsa ko mai ciwon sukari, ya kamata ya kai idonsa a duba tun yana gani. Attajiran da ke ɗaukar nauyin makarantun allo, da za su sa awon idon alarammomi cikin hidimarsu, da sun tsare karatu mai yawa. Neman magani ba ya warware tawakkali. Allah Ya tsare gani da basira, amin.