Layin tsegunta cin hanci: ma'aikacin Gamu na buƙatar fiye da lambar waya

Tun 2011 Nijar ke da layin waya na kyauta, wanda aka fi sani da ligne verte, da ma'aikatar shari'a ta buɗe zamanin minista Marou Amadou don karɓar koke-koken cin hanci. A shekarar ce aka kafa hukumar HALCIA, sannan a watan Satumban 2023 gwamnatin CNSP ta kafa COLDEFF domin ƙwato dukiyar ƙasa. Irin waɗannan hanyoyi sun fi samun aiki idan wani na ciki ya buɗe baki, tun da shi ya san inda aka binne takardu.

A Yamai, inda ma'aikata ɗaya ke ɗauke da ɗaruruwan mutane, mai kira na iya ɓacewa cikin taro. A ƙaramar hukumar Gamu da ke gundumar Gure, jihar Damagaram, lissafin ya sha bamban. Tun 2006 doka ta ce a yi wa yara 'yan ƙasa da shekaru 5 magani kyauta. A ce wata malamar asibitin karkara ta ga ana sayar da wannan magani. Idan su uku ne ko huɗu a wurin, ranar da masu bincike suka iso kowa zai gane wace ce ta kira, ko da ba ta faɗi sunanta ba. Wanda ta tona kuwa wataƙila maƙwabcinta ne ko surukin gidansu, kuma shi ne ke sa hannu a takardar hutunta.

Saboda haka asirin ya dogara ne kan yadda ake binciken. Dole sifetoci su haɗa wurin da wasu asibitocin gundumar a rangadi guda, su fara da rajistar magunguna kafin su tambayi kowa, kuma a hana yi wa ma'aikaci sauyin wurin aiki na ramuwa. Mai ɗaukar wayar ma ya kamata ya ji Barbarci, don a ƙasar Gure ba kowa ne zai iya zayyana ƙorafinsa da Faransanci ba.

Najeriya ta bi ta hanyar kuɗi: a Disambar 2016 ta yi alkawarin kashi 2.5 zuwa 5 na abin da aka ƙwato ga mai tsegumi, kuma a Afrilun 2017 hukumar EFCC ta gano sama da dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi. Irin wannan lada ba zai ja hankalin malamar Gamu ba, domin abin da ta gani kwalayen magani ne ƙalilan, kuma albashinta ne ke cikin haɗari.