Likita, Magani Aka Zo Nema Wurinka, Ba Shari'a Ba

Na so in yi magana kan tsadar kaya a wannan fitowa, amma wani abu ya tsaya mini a wuya, na kasa haɗiye shi.

Wata baiwar Allah ce, bazawara mai 'ya'ya huɗu. Ni na sallaci gawar mijinta. Da izininta nake wannan rubutu, na kuma sassauya wasu abubuwa, don haka masu tsegumi ku huta, ba za ku gane ta ba. Bayan rasuwarsa aka gwada ta, aka samu tana ɗauke da ƙwayar HIV. Ta rungumi ƙaddara, ta kama shan magani, ta murmure, ta koma kan sana'arta. Shekara biyu lafiya lau. Sai aka sauya likita a asibitin da take zuwa, wanda ba zan kama sunansa ba.

Jinyar mahaifiyarta ta riƙe ta a ƙauye, ta makara da kwana tara. Ran da ta je, ƙofa a buɗe, jama'a jere a benci, sai likitan ya ɗaga murya: "Kun iya kwaso ciwo, amma shan magani ya gagare ku! A ina ma kika samo shi?" Ya wurgo mata kati. Cikin masu jiran har da 'yar layinsu. Wata biyar ba ta sake taka asibitin ba. Sai da ɗanta ya same ni a shago a kasuwar Jimeta yana hawaye. Da muka kai ta wani asibitin, tarin fuka ya riga ya kama ta.

Haba likita! Wa ya naɗa ka alƙali? Ni da nake ba da salla ban taɓa juyowa na tambayi na sahu me ya aikata daren jiya ba. Wannan ciwo mace na samunsa a ɗakin aurenta, jariri na samunsa daga uwa, wani daga ƙarin jinin da ba a tantance ba. To ko ma ta hanyar saɓo mutum ya same shi, tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Kai amana aka ba ka.

Za a ce likitoci sun yi ƙaranci, wasu sun tafi Saudiyya da Ingila, na nan aiki ya yi musu yawa. Gaskiya ne, akwai kuma na kirki, su ne ma suka ceto wannan mata. Amma ni ma ina wuni tsaye a kasuwa cikin zafin Yola, ban taɓa zagin mai saye don na gaji ba. Rufe ƙofa da sassauta murya nawa suke ci?

Ku gane abin da tsawa ɗaya ke jawowa. Maganin nan ba ya kashe cutar gaba ɗaya, danne ta yake yi. Mai shan ƙwaya ɗaya kullum zai kai matsayin da awo ba ya ganin cutar a jininsa, kuma ba ya sa wa matarsa. In ya daina, cikin 'yan makonni take farfaɗowa, mai sha yana tsallakewa kuwa tana iya daina jin maganin. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da ita a Najeriya. Gwamnati ta mai da maganin kyauta tun 2006. Magani kyauta, amma a biya da mutunci?

Doka ma tana bayanku. A 2014 aka yi dokar hana nuna wariya ga masu wannan cuta, ta haramta tona asirinsu ko ƙin duba su. Tun kafin nan, wata ma'aikaciyar jinya a Legas, Georgina Ahamefule, asibitin da take aiki ya gwada ta ba da saninta ba, ya kore ta a 1995. Ba ta haƙura ba. A 2012 kotu ta ce a biya ta naira miliyan 7.

Saboda haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, in likita ya ci mutuncinka, rabu da likitan, kada ka rabu da magani. Ka nemi wani ya duba ka, ko a ba ka takardar komawa wani asibiti, ai ba wuri ɗaya ake ba da shi a Yola da Jimeta ba. Ka tafi da wanda ka amince da shi, mai tsawa yakan ji kunyar shaida. Ka tambayi sakamakon awonka, haƙƙinka ne. Ka rubuta rana da abin da aka faɗa maka, ka kai wa shugaban asibiti, ko hukumar ADSACA ta jiha, ko ƙungiyar masu cutar, NEPWHAN. Kada fushi ya jefa ka hannun masu lasifika a tashar Jambutu da ke cewa suna warkarwa da jarka ɗaya.

Mu ma da laifinmu. Da ba don tsoron bakinmu ba, da 'yar layi ɗaya a benci ba ta kori mace wata biyar daga asibiti ba.

Alhamdu lillahi, matar ta miƙe. Wanda ke tsoron zuwa shi kaɗai, ya same ni bayan Azahar. Zan rufe shago in raka shi, kuma ba wanda zai ji. Allah Ya ba mu lafiya, Ya rufa mana asiri.