Wa Ya Zaɓa Wa Makarantunmu Windows Na Sata?

Duk makarantar da ta samu kwamfuta uku ko huɗu a ofishin darakta, a Sarkin Yamma ne ko a wani garin Madarunfa, labarinta kusan ɗaya ne. Ana kai su wurin mai gyara a cikin Maraɗi, ya zuba musu Windows da Word waɗanda ba a biya lasisinsu ba, ya karɓi ƴan jikkunansa, a kwaso su a dawo. Ba a tambayi malamai ba, ba a tambayi kwamitin COGES ba, balle iyayen da aka tattara kuɗin daga aljihunsu. Ni dai a ganina wannan sakaci ne, kuma lokacin daina shi ya yi.

Babbar manhaja, wato wadda ke tuƙa kwamfuta gaba ɗaya, ita ce ke riƙe da duk abin da muka ajiye a ciki: sunayen ɗalibai, makin jarrabawa, jerin masu zana BEPC, kwafin takardun haihuwa, lissafin kuɗin kwamiti. Idan kwamfutocin ofis suna haɗe da juna, suna amfani da firinta ɗaya, kuma kile ɗaya na USB yana yawo tsakaninsu, cutar da ta kama ɗaya za ta zagaye sauran. A watan Mayun 2017 ƙwayar WannaCry ta kulle kwamfutoci masu Windows a ƙasashe fiye da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Waɗanda ta fi yi wa ɓarna su ne waɗanda ba su sabunta manhajarsu ba. To mu da manhajar tamu ta sata ce, mai gyara ma yakan kashe sabuntawar don kada asiri ya tonu, ina muka tsaya?

Ga kuma wani abin da da yawa ba su lura ba. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, ya kuma daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Ya bar ƙofar neman ƙarin wa'adi, amma jinkiri ne kawai. Windows 11 kuwa tana neman wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0 da injin da bai tsufa ba. Tsofaffin kwamfutocin da ƙungiyoyi ke ba mu kyauta, ko muke saye na hannu, da yawansu ba za su ɗauke ta ba. Saura ko mu zauna da manhajar da mai ita ya yi watsi da ita, ko a sake ɗora wa manomi da mai tallar ƙuli-ƙuli kuɗin sabuwar kwamfuta alhali tsohuwar lafiyarta ƙalau.

Akwai hanya ta uku, ita ce Linux. Wani ɗalibi a Finland, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991, kuma kowa na da izinin saka ta kyauta, ba sata ba ɓoyo. Nau'inta mai suna Ubuntu, wanda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya ƙaddamar a 2004, yana fitar da bugu mai dogon wa'adi duk shekara biyu, ana kula da shi shekara biyar. Xubuntu da Linux Mint suna tafiya daram a kan tsohuwar na'ura. LibreOffice yana buɗe takardun Word da Excel, yana kuma ajiye su a sigarsu. Akwai faransanci, akwai allon rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, abin da ya ƙara muhimmanci tun da kundin 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Da manhajar Kiwix, kwamfuta ɗaya za ta iya raba wa sauran Wikipedia ta Hausa da ta faransanci ko babu rezo.

Kada wani ya ce abin talakawa ne. Jandarmomin Faransa sun mayar da dubban kwamfutocinsu kan Ubuntu. Jihar Kerala ta Indiya ta daɗe tana koyar da yaran makarantun gwamnati da Linux. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar sauya kwamfutocin ma'aikatanta kusan 30,000.

Na san abin da za a ce: yaro zai je neman aiki a tambaye shi Word da Excel. Wanda ya iya tsara wasiƙa da lissafin maki a LibreOffice, kwana kaɗan zai saba da Word, kamar yadda wanda ya iya tuƙa wani babur ba ya rasa tuƙa wani. Aikin muke koya wa yara, sunan kamfani kuwa yana canzawa. Za a kuma ce wasu manhajojin da hukuma ke aiko wa ba sa aiki sai a Windows. Wannan hujja ce ta gaskiya, maganinta kuma mai sauƙi ne: a bar kwamfuta ɗaya mai Windows na halal, a biya lasisinta, a hana kowane kile shiga cikinta. Sauran duka su koma Linux.

Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Birnin Munich ya shafe shekaru a kan Linux, sai ga majalisarsa a 2017 ta zaɓi komawa Windows, kuma ƙorafin ma'aikata na cikin abin da aka kafa hujja da shi. Sauyin da ba a shirya mutane don shi ba, ba ya ɗorewa. Kuɗin da za a kashe wa mai gyara sau uku a shekara, a horar da malami ɗaya ko biyu da su. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankolodo tana nan Maraɗi kusa da mu, a nemi ɗalibanta masu ilimin kwamfuta su taimaka lokacin hutu. A gwada firinta kafin a sauya, a kuma kwafe duk takardu a wani faifai daban da ke kulle a ofis.

Iyaye, a taron kwamiti na gaba ku tambayi darakta abu uku: wace babbar manhaja ce a kwamfutocin makaranta, an biya lasisinta ko sata ce, kuma ina kwafin makin ƴaƴanmu yake idan na'urar ta mutu gobe? Malamai ƴan'uwana, muna hukunta yaro idan ya saci amsa a jarrabawa. Bai dace mu rubuta masa sakamakonsa da manhajar sata ba.