Sikeli Na Cinye Mana Tsofaffin Fijo

Ranar Alhamis da ta wuce, muna dawowa Gumel daga kasuwar Maigatari bayan la'asar, sai muka cim ma wata babbar mota da ta yi lodin gwangwan har ta karkace. A can saman kayan an ɗaure rabin Fijo a-kori-kura, an tsaga ta biyu da wutar walda. Ƙofarta ɗaya lafiya lau, fitilar gaba ma ba ta fashe ba. Direban da ya ɗauko mu, wani dattijo, ya daɗe yana kallon ta kafin ya wuce. Sai ya ce, "Wallahi Malam, na san wanda ya yi wata uku yana neman wannan ƙofar." Har muka iso tasha bai ƙara cewa uffan ba, ni kuwa abin bai bar raina ba har yau.

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Gumel kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 ya san Fijo ba mota ce kawai ta hawa ba. Ita ta kai amarya, ita ta kai mai naƙuda asibiti, ita ta kwaso riɗi da gero daga ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar a lokacin da hanyar duk yashi ce. A Faransa aka fara ƙera 404 a 1960, sannan 504 ta biyo baya a 1968. Amma daga 1975 a Kakuri ta Kaduna aka riƙa haɗa mana su, a kamfanin PAN, kuma an ci gaba da fitar da 504 a can har wajen shekara talatin, bayan Turawan da suka ƙirƙiro ta sun daɗe da daina yin ta. A wancan zamanin muna da Volkswagen a Legas, da Leyland a Ibadan, da ANAMMCO a Enugu, da Steyr a Bauchi, da masu haɗa manyan motocin Fiat a Kano. Bayan rasuwar Janar Murtala a 1976, da gwamnati ta ɗauki tsarin rage facaka, 504 ce ta zama motar manyan ma'aikata. Daga hannunsu ta gangaro zuwa tashoshin mota, daga nan ta shiga ƙauye, inda ragowarta ke aiki har yanzu.

Abin da ya sa ta daɗe ba ɓoyayye ba ne ga bakanike. Tana da tsayi daga ƙasa, tayoyin baya ne ke tura ta, ƙafafunta kuma suna shanye gargada. Ba banza ba ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975. Amma babban sirrin yana cikin injin. Ramukan da fistin ke kai-komo a ciki, waɗanda kanikawa ke kira silif, zare su ake yi a sa sababbi. Ma'ana, injin da ya gaji ba ya mutuwa, sabunta shi ake yi a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Kafireta ce ke ba ta mai, ba kwamfuta ba, don haka tsohon bakanike da sukuddireba ɗaya da kunnensa zai daidaita ta. Na sha tsayawa ina kallon irin waɗannan dattawan: ya kafa kunne a jikin injin, ya ce wa yaronsa fulogi na uku ne, a kwance a ga kuwa shi ne. Rauninta ɗaya shi ne zafi. Kan injin na alminiyam ne, idan aka bari ruwan lagireto ya ƙafe sai ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone. Ruwan rijiyar da muke ɗura mata kuma yana cin ta ta ciki a hankali.

To, ina ake samun kayan gyaranta yanzu? Mai Fijo a Gumel ya san zagayen. Zai fara da garejin unguwa, ya tambayi wanda ya ajiye mushen irinta. Idan babu, sai Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, ya bi rumfa-rumfa da tsohon ƙarfen a hannu yana gwadawa. Idan can ma an girgiza masa kai, sai a buga waya Panteka ta Kaduna ko Ladipo ta Legas, ko a yi saƙo tsallaken iyaka, Dungas da Magarya har Damagaram, tunda 'yan'uwanmu na Nijar ma sun daɗe da motocin Faransa. Wannan ƙofa ta ƙarshe ba kullum take buɗe ba. An rufe iyakoki a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. Sababbin kaya kuwa akwai su a kwali mai kyau, amma kowane bakanike zai gaya maka tsohon ƙarfe na asali da aka ciro daga mushe ya fi yawancinsu ƙarko.

Nan ne maganata take. Rumbun kayan gyaran tsohuwar mota ba kanti ba ne, 'yar'uwarta ce da ta mutu. Fijo ɗaya da ta kwanta a bayan gida za ta iya riƙe wasu da dama a kan hanya na shekaru: wannan ya ɗauki giya, wancan ya ɗauki akwatin sitiyari, wani ƙofa, wani sifirin. Yau 'yan gwangwan suna zuwa da sikeli har ƙofar gida, su auna, su biya nan take, a kai masana'antar narka ƙarfe ta koma rodin gini. Sikeli bai san kafireta ba, bai san kiranshaf ba, kilo kawai ya sani. Abin da wani zai saya da daraja don ya ci gaba da ciyar da iyalinsa, ana sayar da shi a farashin tsohuwar tukunya.

Ban ga laifin mai sayarwa ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wanda ke da mushen mota a gida yana ganin buhun gero ne a kwance. Ban ga laifin 'yan gwangwan masu sana'ar halal ba, su ma abinci suke nema. Kuma na yarda da masu cewa tsohuwar mota tana shan mai, tana hayaƙi, wadda aka yi wa lodin wuce kima da birki mara kyau kuma hatsari ce ga kowa. Wadda ƙashin bayanta ya ruɓe, a sauke ta daga titi, wannan ba abin jayayya ba ne. Abin da nake ƙi shi ne gaggawar. Kwana biyu kacal bakanike ke buƙata ya kwance abin da ke da amfani, a sayar da shi daban, sannan a auna ragowar. Mai motar ma ya fi samun kuɗi a haka.

A garin Sochaux na Faransa, mahaifar Fijo, akwai gidan tarihin motocin kamfanin tun 1988, kuma masu kula da shi suna sake ƙera wasu kayan gyara domin masu riƙe da tsofaffin motoci. Su can abin ado ne da tunawa, a wanke a fito da ita ranar hutu. Mu nan dukiyar talaka ce mai aiki, amma mu ne ba mu tanadi komai ba. A Legas an ajiye Marsandin da aka harbi Murtala a cikinta a gidan tarihi na Onikan, kuma daidai ne. To, motar da ta yi shekara talatin tana jigilar mutanen Maigatari fa, ba ta cancanci ko rumfa ɗaya ba?

Roƙona ga shugabannin kanikawa na ƙananan hukumominmu huɗu na ƙasar Gumel shi ne su nemi fili guda, ko a bayan tashar Gumel ne, inda duk mai mushen Fijo ko Landiroba zai fara kaiwa kafin ya kira mai sikeli. A rubuta abin da aka ciro a littafi, a sa lambar waya, mai nema daga Gagarawa ya tambaya kafin ya kashe kuɗin motar Kano. Masarauta da ƙaramar hukuma kuma su sayi 404 ɗaya da 504 ɗaya, a ba tsofaffin kanikawanmu su tashe su tare da yaran da ke koyon sana'a, a biya su ladan koyarwa. Yaron da ya kwance injin 504 da hannunsa ya mayar ya fahimci yadda kowane injin fetur ke numfashi, ko da daga baya na'ura zai riƙa jonawa a motocin zamani. Dattawan nan kuwa ƙarewa suke yi, wasu ido ya fara gazawa.

Kai kuma mai tsohuwar Fijo a bayan gida, wadda kaji ke ƙwai a cikinta, idan har sai ka sayar, fara da cire gilasanta da fitilunta. Mai walda zai iya ƙera maka bamba, mai fanel bita zai miƙar da ƙofa, amma babu mai iya yin gilashin 404 a duk faɗin ƙasar Gumel. Ka naɗe su a buhu, ka jingine a ƙuryar ɗaki, ka gaya wa bakaniken unguwarku suna nan.